Yadda Ake Amsa Kiran Waya da Kwafin Na'urar Sadarwa ta Star Trek

A shekarar 1966, lokacin da tashar talabijin ta NBC da ke Amurka ta fara nuna shirin almarar kimiyya na Star Trek, 'yan wasan suna riƙe da wata 'yar baƙar na'ura mai murfin raga ruwan zinariya, wadda sukan kaɗa hannu ta buɗe, ta yi wani ɗan tsuwa, su yi magana da jirginsu da ke sararin samaniya. Mai zane Wah Chang ne ya ƙera ta, kuma ba ta aika magana ko'ina. Kayan wasa ce kawai, tsuwan ma daga baya ake sanya shi wajen tace shirin. Shekara 50 bayan haka, a 2016, kamfanin The Wand Company na Birtaniya ya fitar da kwafinta wanda aka auna daga ɗaya daga cikin na asali da suka rage, aka sanya masa lasifika da makirufo da batir da Bluetooth. Wani kamfanin mai suna Fametek kuma ya fitar da bajen ƙirji irin na shirin da ya biyo baya a 1987, wanda ake maƙala shi a riga, a taɓa shi a amsa kira.

Abin da ya kamata mutum ya riƙe tun kafin ya buɗe kwali shi ne wannan na'ura ba waya ba ce. Ba ta da sim, ba ta da lambobin bugawa, ba ta da fuskar da za ta nuna sunan mai kira. Baki ce da kunne da aka ara wa wayarka, wayar kuma ita ce ke yin dukan sauran aikin daga aljihu ko daga kan tebur. Saboda haka mafi yawan saitin da za a yi a cikin wayar yake, kuma wanda ya tsallake shi ne yakan ce na'urar ba ta da amfani, ya ajiye ta a kanta ta zama kayan ado.

Tabbatar da irin wadda ke hannunka

Kwafin kayan fim iri uku ne, kuma a hoto dukansu kama ɗaya suke yi. Akwai na ado zalla, wanda ba shi da ko batir. Akwai na wasan yara, mai fitilu da muryoyin da aka naɗa, wanda ke amfani da ƙananan batura amma ba ya haɗuwa da komai. Sai na uku, mai Bluetooth. Ka duba jikin kwalin da takardar bayani, ka nemi tambarin Bluetooth da kuma haruffan HFP, wato ƙa'idar da ke bai wa na'ura damar amsa kira da kashe shi da ɗaukar murya zuwa waya. Idan haruffan A2DP kaɗai ka gani, na'urar za ta fitar da kiɗa da sauti amma ba lalle ta yi kira ba. Mai kyau takan haɗa duka biyun.

Idan na hannu za ka saya, tun da an jima da fitar da waɗannan kaya, batir shi ne abin tambaya na farko. Batirin lithium yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma wanda ya shekara biyar ko shida a kwali babu caji yakan mutu gaba ɗaya. Ka nemi a kunna ta a gabanka, a haɗa ta da waya, a yi kira na 'yan mintoci. Ka kuma dubi haɗin murafen jikinta: idan sun ɗan ɗage ko bayan ya yi tudu, batirin ya kumbura, kada a sa ta a caji.

Caji na farko

Kada zumuɗi ya sa ka fara haɗawa da ɗan ragowar cajin da ta zo da shi, domin batir mai rauni yakan sa na'ura ta mutu ana tsakiyar haɗi, sai waya ta riƙe rabin bayani, daga nan kuma a yi ta fama. Ka cika ta tukuna. Ta The Wand Company tana zuwa da matsayi mai maganaɗisu wanda ake jingina ta a kai ta yi caji ba tare da an cusa mata komai ba, shi matsayin ne ake haɗawa da USB. Bajen ƙirji kuwa da 'yar igiya ake cajinsa. Ko wacce ce, cajar USB mai bayar da volt 5 ta wadatar. Ka tabbata ta zauna daidai a kan matsayin, fitilar caji ta kama, sannan ka bar ta har fitilar ta sauya launi ko ta mutu kamar yadda takardar bayanin ta faɗa.

Haɗa ta da waya

Da farko ka kashe Bluetooth a sauran wayoyi da kwamfutocin da ke kusa, musamman idan na'urar ta hannu ce da ka taɓa gwadawa da wata wayar, domin takan koma ga wadda ta saba da ita ta ƙyale sabuwa. Ka ajiye wayar da na'urar kusa da juna, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba.

Ka kunna na'urar, ka sa ta a yanayin neman haɗi. A yawancinsu ana danne maɓalli ɗaya ne na 'yan daƙiƙoƙi har fitila ta fara ƙyaftawa da sauri, wasu kuma da kansu suke shiga wannan yanayi idan ba a taɓa haɗa su da komai ba. A nan takardar bayani take da muhimmanci fiye da yadda aka saba, domin an ɓoye maɓallan a cikin adon kayan fim, babu rubutu a jikinsu, kuma maɓalli ɗaya yakan yi aiki uku: dannawa sau ɗaya daban, sau biyu daban, dannewa daban. Wanda ya yi ta latse-latse da ka, muryoyin 'yan wasa kawai zai yi ta ji.

Sai ka shiga saitin wayarka, ka buɗe sashen Bluetooth, ka kunna, ka jira sunan na'urar ya fito a jerin sababbin da aka gano, ka taɓa shi. Na'urorin da aka yi bayan 2007 galibi ba sa neman lambar sirri, amma idan waya ta nema, ka gwada 0000, in ta ƙi ka gwada 1234. Idan haɗin ya yi, za ka ji sauti daga na'urar kuma ƙyaftawar fitilar za ta lafa. Yanayin neman haɗi ba ya daɗewa, bayan 'yan mintoci yakan rufe kansa, don haka idan ka ɓata lokaci wajen neman saiti, sai ka sake danne maɓallin.

Wayar na iya tambayarka ko za a bar na'urar ta ga lambobin mutanenka da tarihin kiranka. Na'urar da ba ta da fuska ba ta da abin da za ta yi da su, ka ƙi kawai.

Saitin da ke raba mai amfani da marar amfani

A wayar Android, kusa da sunan na'urar akwai alamar saiti, a ciki kuma akwai makunnai biyu, ɗaya na kiran waya, ɗaya na sautin kiɗa da bidiyo. Na kira dole ne a kunne. Na kiɗa kuwa shawarata a kashe shi, domin muddin yana kunne, duk saƙon murya da ka buɗe, duk bidiyon da ya fara da kansa, har da ƙarar shigowar saƙo a wasu wayoyin, ta wannan 'yar lasifika za su fito, ko da na'urar tana wani ɗaki. Mutane da yawa sukan ɗauka lasifikar wayarsu ce ta lalace, alhali sautin yana can yana fita a kan tebur. Kuma lasifika ɗaya mai faɗin kwabo ba abin sauraron kiɗa ba ce, an yi ta ne don muryar mutum.

A iPhone babu waɗannan makunnai biyu, amma akwai wata ɗabi'a da ya kamata a sani. Idan ka amsa kira ta fuskar wayar, sautin yakan tsaya a wayar, idan kuma ka amsa ta na'urar, sai ya koma can. Wanda yake son kowane kira ya riƙa zuwa na'urar kai tsaye zai iya shiga sashen sauƙaƙa amfani ga masu buƙata ta musamman, inda ake zaɓar hanyar da sautin kira zai bi, ya zaɓi Bluetooth. Ni ban cika ba da wannan shawara ba sai ga wanda ke zaune shi kaɗai a wurin aikinsa, saboda dalilin da zai zo a gaba. A kowace waya dai, ana tsakiyar kira akwai alamar sauti a fuska da za a taɓa a mayar da magana waya ko na'ura, kuma yana da kyau yatsa ya saba da wurinta.

Saura bugun kira. Tun da babu lambobi, hanya biyu ce: ko ka buga a waya ka yi magana ta na'ura, ko ka kira da murya. Ta biyun ce ke sa na'urar ta yi kama da yadda take a fim, kuma tana buƙatar shiri. Ka tabbata mataimakin murya na wayarka yana kunne, Siri a iPhone ko na Google a Android, ka kuma ba shi izinin amsawa ko da waya tana kulle, in ba haka ba za ka danna maɓalli ya ce sai ka buɗe waya, ka ga an koma gidan jiya. Sannan ka gyara sunayen da ke cikin wayar. Mataimakin murya yakan rikice da sunayen da ba na harshen da aka saita shi a kai ba, da sunaye masu alamomi, da kuma mutum biyar masu suna ɗaya. Ka zaɓi mutanen da ka fi kira, ka ba kowanne gajeren laƙabi mai sauƙin furtawa wanda bai yi kama da na wani ba, idan kuma mutum yana da lamba biyu ka nuna wa wayar wadda za ta fara bi. Ka gwada kowanne sau ɗaya kana kallon fuskar wayar, don kada ranar da ka dogara da shi ya kira maka wanda ba ka nufa ba.

Gwaji kafin a dogara da ita

Ka sa wani ya kira ka daga wani wuri dabam, ba daga ɗakin da kake ba, domin wayoyi biyu a ɗaki guda sukan haifar da ƙara da amsa-kuwwa da za su sa ka zargi na'urar a banza. Idan kira ya shigo, ka buɗe murfin ragar, wanda a ta The Wand Company shi ne amsawa, rufewa kuma shi ne kashewa. A bajen ƙirji taɓawa ce. Wannan rufewar tana buƙatar sabo, domin hannu yakan so ya yi wasa da murfi ana cikin magana, kira kuma ya katse.

Ba a kara ta a kunne. Ana riƙe ta ne a gaban ƙirji, tazarar kamar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi daga baki, a yi magana da muryar da aka saba. Ka nemo ɗan ramin makirufo ka lura da yadda kake riƙo, domin babban yatsa ko tafin hannu yakan toshe shi ba tare da mai riƙon ya sani ba, sai na can ya ce yana jin ka kamar daga cikin rijiya. Ka tambayi abokin gwajin abu uku: ko muryarka tana fita sosai, ko tana yankewa, ko kuma yana jin tasa muryar tana dawo masa. Na ukun yana faruwa ne idan makirufo yana kwasar abin da lasifika ta fitar, maganinsa kuma rage ƙarar lasifika da mataki ɗaya ko biyu, da ɗauke na'urar daga kan gilashi ko katako mai santsi da ke mayar da sauti.

Daga nan ka bar wayar a wuri ɗaya ka yi ta ja da baya kana magana. Irin wannan Bluetooth an ƙiyasta masa kimanin mita 10 ne a fili, bango kuma yana rage shi sosai. Yana aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi ma ke amfani da shi, na'urar ɗumama abinci ta microwave ma a nan take, kuma ruwan da ke jikin mutum yana shanye wannan zango. Shi ya sa waya a aljihun baya da baje a ƙirji sukan yi ta yankewa alhali tazararsu ba ta kai mita ɗaya ba: jikinka ne ya shiga tsakani. Ka mayar da wayar aljihun gaba, a gefen da na'urar take.

Kiran WhatsApp da makamantansa ka gwada shi daban. Sautin galibi yana bi ta na'urar, amma amsawa da murfi ko da taɓawa ya danganta da wayar da kuma manhajar, wani lokaci sai an amsa a fuskar waya tukuna.

Inda ta dace da inda ba ta dace ba

Duk abin da mai kira ya faɗa, na kusa da kai suna ji. Wannan shi ne babban aibinta, kuma ba a gyara shi da saiti. Tun da ba ka ganin sunan mai kira, kana iya buɗe murfi a cikin jama'a sai ga maganar banki ko ta asibiti ko ta iyali ta fito fili. Ka sa wa mutanen da maganarsu ke buƙatar sirri ƙarar kira ta daban, ko ka kunna saitin da ke sa waya ta faɗi sunan mai kira, kuma ka saba da gaya wa mutum tun a gaisuwa cewa yana kan lasifika. Haƙƙinsa ne ya sani.

Wurin da ta fi biyan kuɗin sabulu shi ne teburin aiki, tana kan matsayinta tana caji, waya kuma tana cikin jaka. A titi mai hayaniya ko cikin iska ba ta da ƙarfin da za ta yi gogayya da abin sawa a kunne. A mota kuma, na'urar da sai an riƙe an buɗe da hannu ba ta fitar da direba daga dokar hana riƙe waya da ƙasashe da yawa suke da ita ba.

Bajen ƙirji yana da nasa gargaɗin. Da maganaɗisu mai ƙarfi ake maƙala shi, ɗaya a waje ɗaya a cikin riga, daidai wurin da ake dasa na'urar daidaita bugun zuciya. Shawarar da hukumomin lafiya ke bayarwa ita ce a nisanta maganaɗisu da irin wannan dashe da aƙalla santimita 15, don haka mai ɗauke da shi kada ya sa bajen. A kuma ɓoye ƙaramin maganaɗisun daga yara, domin haɗiye shi haɗari ne babba.

Idan ta ƙi

Yawancin matsaloli hanya ɗaya ke warware su. Ka shiga jerin Bluetooth na wayar, ka sa ta manta da na'urar, ka kashe wayar ka kunna, ka kashe na'urar ka kunna, ka sake haɗawa daga farko. Idan tana nuna an haɗu amma babu sauti, ka duba ko wayar ta kama wani abin, kamar rediyon mota ko abin kunne da ke cikin jaka. Idan tana mutuwa da zarar an ɗauke ta daga caji, batir ne ya gama, kuma a kan kwafi mai daraja gara a kai wa gwanin gyara da a ɓalle murfi da wuƙa. Idan za a ajiye ta na dogon lokaci, a bar mata kamar rabin caji, a kashe ta, a nisanta ta da rana da zafi, a riƙa ɗan ƙara mata caji bayan 'yan watanni. Tsumma mai laushi busasshe ya isa goge ta, domin sinadaran goge-goge suna cin fenti da ruwan zinariyar murfin.

Ga mai kwafin da ba shi da Bluetooth

Wanda ke da na wasan yara ko na ado mai rami a ciki, kuma hannunsa ya saba da liƙin dalma, zai iya dasa masa cikin ƙaramin abin kunne na Bluetooth, irin mai kunne ɗaya da maɓalli ɗaya. Kafin a taɓa komai, a haɗa abin kunnen da waya a tabbatar yana kira lafiya, a kuma auna ramin kwafin a ga ko fanel, wato ɗan allon lantarkin da ke cikin abin kunnen, da batir za su shiga ba tare da matsi ba. Kwafin roba ya fi na ƙarfe dacewa, domin ƙarfe yana tare siginar, idan kuma akwai ƙarfe a wani sashe, a juya gefen fanel ɗin da eriya take ya fuskanci roba.

A buɗe abin kunnen a hankali ta bin haɗinsa, a ɗauki hoton yadda wayoyin lantarkin cikinsa suke kafin a cire ko ɗaya. Abubuwa huɗu ne za a ja su zuwa sababbin wurare da siraran wayoyi: makirufo, lasifika, maɓalli, da ramin caji. Maɓallin a haɗa ƙafafunsa biyu da maɓallin da ke jikin kwafin, don a riƙa dannawa daga waje. Makirufo a kai shi ƙasa, a huda masa ɗan rami, a kewaye shi da soso, a nisanta shi da lasifika gwargwadon iko, kuma a kiyaye ƙafarsa ta + da ta −, domin idan aka juya su ba zai yi aiki ba. 'Yar lasifikar abin kunne an yi ta ne don cikin kunne, ba za a ji ta daga nesa ba, don haka ana buƙatar babba kaɗan tare da ƙaramin fanel mai ƙara sauti, shi kuma zai rage daɗewar caji.

Batirin shi ne wurin taka-tsantsan. Yana bayar da volt 3.7, ya kai 4.2 idan ya cika, kuma idan aka huda shi ko aka lanƙwasa shi ko wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya kamawa da wuta. Kada a ɗora ƙarfen liƙi a jikinsa, kada a zuba masa gam mai zafi, kada a cire ɗan fanel ɗin kariya da ke bakinsa. A cire wayarsa ɗaya a naɗe ta da salatif kafin a fara aiki, a mayar da ita a ƙarshe, a manne batirin da tef mai gam fuska biyu nesa da bakin kowane noti. Kafin a rufe murfi a ɗaure, a kunna, a yi kira, a sa caji na 'yan mintoci ana taɓa batirin a ji ko yana ɗaukar zafi, sannan a rufe a sake yin kiran, domin sauti da ƙarfin sigina sukan sauya da zarar an haɗa murafen biyu.